Yadda hirar ƙwallo ke shigar da sabon ma'aikaci cikin abokan aiki

Idan an tura ka sabon ofis a Gombe, makon farko kasa kunne kawai za ka yi. Hirar safiyar Litinin ke nuna kowa: wane ɗan Arsenal ne, wa ke zuwa filin wasa na Pantami kallon Gombe United, su wa kuma ke bin fim mai dogon zango a YouTube.

Zaɓi abin da kake so da gaske. Kada ka ari kulob don oga na goyon bayansa, tambaya biyu kan 'yan wasa za ta tona maka asiri. Wasannin gasar zakarun Turai kan faɗo Talata da Laraba, ƙarfe 8 ko 9 na dare. Tambayi gidan kallon da suke zuwa, ka bi su, in an tashi ka biya wa mutum biyu kuɗin shayi.

Wurin tsokana ake yin ɓarna. Sa'anka zai ɗauka, amma wanda ya girme ka, in kulob ɗinsa ya sha kashi, "Yallaɓai, ya haƙuri?" ya wadatar. Masu bin fim kuwa, kada ka ba su labarin kashin da ba su kalla ba. Haushinsa kan daɗe.