Yadda ake duba bakin tsohuwar bindiga Mak 4 da gyara shi ba tare da an ƙara ɓata shi ba

Duk yaron da aka turo mini ma'ajiyar makamai, in aka ce masa bindiga ta daina saiti, magagari yake fara nema. Ajiye shi tukuna. Wannan bayani na masu aikin ne a hukumance, don dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana farar hula riƙe irin wannan bindiga, gyaranta ma sai da izini.

Mak 4 da muke faɗa ita ce Lee-Enfield lamba 4 ta Ingila, mai harsashi .303, ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. A cikin bututunta akwai tsagogi da suka murɗe, yawanci biyar, wasu biyu, su ke juya harsashi. Gefen bakin nan shi ne wuri na ƙarshe da harsashi ke taɓawa. In ɓangare ɗaya ya ci, iskar albarushi za ta riga fita ta nan ta ture gindin harsashin, sai ka ga yana yawo a allo.

Cire gidan harsashi da sakata, wannan ba sai na faɗa ba. Leƙa bututun ta baya ka fuskanci haske. A Kano abu biyu ke toshe shi: ƙurar hunturu da ta haɗu da mai ta zama laka, da zanzaro da ke gina ɗakinsa a ciki da damina. Wanke da kananzir, ka busar. Sau da yawa a nan ciwon yake warkewa.

Sai gwaji. Samo madubin masu gyaran agogo ka zagaya bakin da ido. Ka ja ɗan audugar kunne a gefen, duk inda zare ya maƙale akwai tsini. Sannan ka ɗauki harsashi ka sa tsininsa a bakin. In ya tsaya da saura a waje, akwai rai. In ya shige har wuyan kwanso, tsagogin sun cinye, goge-goge ba zai dawo da su ba. Ka kuma duba ko ramin ya koma kamar ƙwai. Wannan aikin igiyar wanke bututu ne: shekara da shekaru ana jan ta a karkace tana gugar gefe guda, ga yashi a jikinta. Mafi yawan bakunan da na gani sun lalace, masu wanki ne suka lalata su, ba harbi ba.

In ɗan tabo ne ko tsini kawai, ga gyaran. Ka nemi sukurun tagulla mai kai zagaye wanda ya ɗan fi ramin faɗi, da man goge bawul na makanikai, mai laushin. A Ƙofar Ruwa za ka samu, ƙaramin gwangwani zai kai ka ritaya. Tura tsumma cikin bututu kamar inci ɗaya don kada man ya gangara. Kafa bindigar a tsaye, baki sama, ka shafa man kaɗan a kan sukurun.

A nan na taɓa yin ɓarna, don haka ka saurara. Na ɗaura sukurun a injin huda na lantarki, na danna da ƙarfi, hannuna a wuri ɗaya. Cikin minti biyu na ci gefen dama fiye da na hagu, tabon da bai kai ƙwayar gero ba ya zama gangare. Tun daga ranar ban yarda da injin lantarki a wannan aiki ba, na hannu nake amfani da shi, kuma yarana ma haka. Wasu na cewa ana iyawa da lantarki in an rage gudu. Su je su yi a nasu wurin. Juya a hankali, nauyin injin kaɗai ya isa, kana karkata saman a zagaye kamar mai tuƙa tuwo, don kan sukurun ya ci daidai. Bayan juyi ashirin ka tsaya, ka goge, ka duba. Abin da kake nema siririn zobe ne mai sheƙi da ya zagaye bakin ba yankewa, faɗinsa ɗaya ko'ina. Da ya haɗe, ka daina, ko zuciya ta ce ƙara. In tagullar ta yi kwari, canza sukuru.

Tura tsumman ya fita ta baki, ka wanke sau biyu, man nan yashi ne. Shafa man bindiga, ba baƙin mai ba.

A filin harbi, bayan harsashi biyar duba toka a bakin: in ta fito kamar tauraro mai reshe daidai, ka gama. Tsohon harsashi yana barin gishiri, zuba tafasasshen ruwa ta baya a ranar. Wadda ta faɗi gwajin harsashi kuwa, kada ka kawo zarto ka yanke bakin, don maƙalin banati da saitin gaba duk a nan suke. Rubuta rahoto a kai ta babban wurin gyara mai injin lez, wato injin feƙe ƙarfe.