Yadda Ake Bin Diddigin Abin da Ke Haddasa Hawan Jini

Kafin mutum ya nemi dalilin hawan jininsa, ya kamata ya san abin da na'ura take aunawa. Lambar sama tana nuna ƙarfin da jini ke danna bangon jijiya da shi yayin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuwa tana nuna ƙarfin da ya saura tsakanin bugu da bugu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 140/90 zuwa sama a matsayin hawan jini idan aka same shi a ranaku biyu daban-daban, su kuma likitocin zuciya na Amurka sun sauko da iyakar zuwa 130/80 a 2017. Abubuwa uku ne ke juya wannan lamba: yawan jinin da zuciya ke turawa, faɗin jijiyoyin da yake bi, da yawan ruwan da ƙoda ta bari a jiki.

A fara da samun awo na gaskiya, domin tsoro, sauri da cikar mafitsara duk suna ɗaga lambar na ɗan lokaci. A guji taba, kofi da motsa jiki minti 30 kafin awo, a yi fitsari, sannan a zauna shiru na minti 5 an jingina baya, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da tsayin zuciya. Maɗaurin na'urar da ya yi wa damtse kaɗan yakan ba da lambar da ta fi ta gaskiya yawa, kuma masu ƙiba ne suka fi cin karo da wannan. A auna sau biyu safe da yamma har kwana 7, a rubuta duk abin da ya fito. A awon gida, 135/85 ake ɗauka a matsayin iyaka.

Daga nan sai a waiwayi ƙoda, wadda a ganina ita ce aka fi mantawa da ita. Idan ƙoda ta ji jinin da ke isa gare ta ya ragu, sai ta saki sinadarin renin, shi kuma ya kai ga samar da anjiyotensin wanda ke tsuke jijiyoyi, ya kuma sa a saki aldosteron mai riƙe gishiri a jiki. Duk inda gishiri ya zauna ruwa yakan bi shi, jini ya ƙaru, zuciya ta yi ta turawa cikin hanyar da ta riga ta ƙuntata, kamar ruwan tiyo da aka danne bakinsa da yatsa. Shi ya sa Hukumar ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a rana, kuma shi ya sa likita kan nemi gwajin fitsari da na jini don duba aikin ƙoda, suga da sinadarin fotashiyam.

Jijiyoyi kuwa suna taurara ne da shekaru, da shan taba, ciwon suga da taruwar kitse a bangonsu, abin da ya sa lambar sama kaɗai kan hau a wajen tsofaffi da yawa.

A tambayi abokin kwana ko mutum yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa ya riƙa ɗaukewa, domin kowace ɗaukewa tana sa jiki ya zubo adirenalin, zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su matse. A kuma tattara duk magungunan da ake sha a kai wa likita, musamman na kashe ciwo irin su ibuprofen, ƙwayoyin tazarar haihuwa da magungunan mura masu buɗe hanci, waɗanda duk suna iya hawar da jini.

A wajen kusan mutum 9 cikin 10 ba a samun dalili guda, sai haɗuwar gado, shekaru, ƙiba da gishiri. Amma idan ciwon ya bayyana a ƙuruciya, ko ya ƙi sauka bayan magani iri uku, ya dace a zurfafa bincike. Mai juna biyu da ta ga 140/90 ta je asibiti a ranar. Wanda ya ga 180/120 tare da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, dishi-dishin gani ko mutuwar ɓarin jiki, a garzaya da shi asibiti nan take.