Yadda ƙaramin soja zai nemi shiga NDA ko da ya taɓa faɗuwa

Ni malamin lissafi ne a garin Bauchi, kuma na daɗe ina koyar da darasin yamma ga masu shirin jarrabawa. A cikin ɗalibaina akwai ƙananan sojoji da ke zuwa daga barikin Shadawanka, wani da kakinsa a jiki don daga aiki ya wuto. Yawancinsu buri ɗaya ne ke kawo su: su sauke igiya daga hannu, su ɗora anini a kafaɗa, wato su shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, su zama hafsoshi. Kuma kusan kowannensu ya taɓa gwadawa bai dace ba.

Akwai wani las kofur da ba na mantawa. Ya zo bayan la'asar da wata ambulan mai ruwan ƙasa wadda gumi ya cinye gefenta, ya ce, "Malam, sau biyu ina nema, Allah bai yi ba." Na ce masa, "A wane mataki ka tsaya?" Ya yi shiru. Muka baje takardun a kan benci. Takardar WAEC ta ce a watan Maris aka haife shi, katin NIN ya ce Satumba. Turancinsa kuwa D7 ne, ba kiredit ba. Shekara biyu yana gudun asuba yana haddace sunayen ministoci, alhali matsalarsa tana kwance a cikin ambulan ɗin da yake yawo da ita. Saboda irinsa na rubuta wannan.

Fara da gano inda ka faɗi

Allah ne mai bayarwa, babu musu. Amma faɗuwa a neman NDA tana da wuri, kuma wuraren sanannu ne: ko sakamakon sakandare bai cika ba, ko makin JAMB bai kai ba, ko jarrabawar tantancewa ta makarantar ta kayar da kai, ko ka je gaban hukumar zaɓe aka sallame ka wajen duba takardu, ko wajen likita, ko wajen gudu, ko wajen hira. Wani ma ya tsallake duka, sunansa ya fito a jerin masu jiran tsammani, ba a kira shi ba. Ɗauki takarda ka rubuta inda taka ta tsaya a kowane karo. Wanda likita ya mayar da shi gida saboda hawan jini, ba ƙarin darasin lissafi yake bukata ba. Wanda ya ci 150 a JAMB kuma, ko da ya fi barewa gudu, littafi ne maganinsa.

Zaɓi ƙofar da ta dace da shekarunka da halin da kake ciki

Makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, an fi saninta da babban kwas ɗinta na shekara biyar ga sojan ƙasa: huɗu na karatun digiri haɗe da horo, ta biyar ta zallar aikin soja. Wanda ya gama zai fito laftanar mai anini ɗaya da digirinsa a hannu. Wannan ƙofa ta matasa ce. Iyakar shekarunta ba ta wuce farkon ashirin, kuma ana rubuta ta ƙarara a sanarwar kowace shekara, don haka ka karanta ta bana da idonka, kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka na bara. Tsayin namiji bai kamata ya gaza mita 1.68 ba. Sannan sai ka kasance ba ka da aure, ba ka da ɗan da ciyar da shi ke wuyanka.

A nan ne da yawa daga cikin yaranmu ke rasa damar, ba a ɗakin jarrabawa ba. Yaro ya fito daga Defo na Zariya bayan wata shida na kurtu, albashi ya fara shigowa, ya zo gida hutu Azare ko Dukku da kaki sabo ful. Kafin ya koma, inna ta riga ta fara maganar 'yar ƙanwarta. Ba laifinta ba ne, alheri take nufi. Amma idan kana da niyyar babban kwas, zauna da iyayenka ka yi musu bayani da ladabi: "Inna, ki ba ni shekara biyu in gwada wannan, in an ɗaura aure ƙofar ta rufe." Na ga iyayen da suka fahimta nan take da aka yi musu bayani haka. Abin da ba zan taɓa ba ka shawara ba shi ne ka ɓoye aure ko ka rage shekaru da rantsuwar kotu. Kai soja ne, fayil ɗinka yana hannun rundunar tun ranar da ka shiga, da ranar haihuwar da ka bayar da bakinka. Farar hula in an kama shi gida zai koma. Kai kuwa har aikin da kake riƙe da shi zai iya tafiya.

Idan shekaru sun wuce ko ka yi aure, ba a gama da kai ba. Akwai gajeren kwas na masu digiri ko HND, wato SSC ga masu son fagen daga da DSSC ga masu sana'a irin su likitoci, lauyoyi, injiniyoyi da malamai. Watanni ake yi, ba shekaru ba. Akwai kuma hanyar da ake ba tsofaffin hannu, irin su samanja, muƙamin hafsa bayan sun daɗe suna aiki. Ga kofur mai shekara 25 da mata da ɗa ɗaya, shawarata kullum ita ce ya daina kallon babban kwas da baƙin ciki, ya nemi izinin karatu a hukumance ya kama digiri. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiya a Bauchi da Gombe, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU), ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Bauchi, ga Jami'ar Jihar Gombe, ga ta Tarayya da ke Kashere, ga kuma Jami'ar Sojan Ƙasa da ke Biu. Kalmar "a hukumance" ka riƙe ta da kyau, domin takardar da ka samo a ɓoye ba tare da amincewar runduna ba tana iya zame maka wahala ranar da za ka gabatar da ita.

Gyara takardu tun kafin a buɗe shafin cike fom

Ana neman kiredit biyar a WAEC, NECO ko NABTEB, har da Turanci da lissafi, a zama da bai wuce biyu ba. Kiredit daga C6 ya fara. D7 da E8 ba kiredit ba ne, komai kyawun sauran darussan. In da giɓi, WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, WAEC ma tana da wata a farkon shekara. Ka lura da maganar zama biyu: idan ka riga ka haɗa sakamako biyu kuma har yanzu babu Turanci, to a sabon zaman ka rubuta darussan da za su sa ka iya yar da ɗaya daga cikin tsofaffin.

Sai ka jera komai a gabanka: takardar firamare, ta sakandare, ta haihuwa, ta shaidar ƙaramar hukuma, katin NIN da katin shaidar soja. Bi su harafi bayan harafi. Muhammad ne a nan, Mohammed a can? Sunan kaka ya shigo a ɗaya ya ɓace a ɗaya? Gyaran irin wannan yana cin makonni, wani lokaci watanni, ba aikin daren jajibiri ba ne.

Takardar ƙaramar hukuma kuwa kada ka raina ta. Jiha-jiha ake rabon gurabe. Ko a Fatakwal kake aiki, in kai ɗan Misau ne, da 'yan ƙananan hukumomi 20 na Bauchi za ka kara, ɗan Kaltungo kuma da 'yan 11 na Gombe. Ka samo ta daga asalin garinku, da sa hannun da ya dace.

Bi ta hannun kwamandanka

Wannan ne ya raba ka da ɗan makarantar da ke nema daga gida. Soja mai aiki sai da takardar amincewar kwamandansa. Rubuta buƙatarka da wuri, ta bi ta hannun na gaba da kai har zuwa ofishin ajitan, wato hafsan da ke kula da takardun rundunarku, kada ka tsallake kowa. Riƙe kwafin duk abin da ka miƙa.

To in fayil ɗinka yana da tabo fa? An taɓa gurfanar da kai saboda makara daga fas, wato izinin fita daga bariki, ko ka kwana a gadurum, ko an taɓa cire maka igiya. Kada ka yi kamar abin bai faru ba, domin wanda zai sa maka hannu ya riga ya karanta. Abin da ke goge tsohon tabo a idon kwamanda shi ne sabon tarihi: shekara guda cur ba a kira sunanka don laifi ba, kana fareti kan lokaci, an ba ka aiki ka kammala. Sannan ka nemi ganinsa ta hanyar da ta dace ka ce, "Yallaɓai, na yi kuskure a baya, ga abin da na yi tun lokacin, ina neman a ba ni dama." Manya da yawa suna girmama wannan fiye da yadda kake zato. Ranar jarrabawa kuma, ko da cibiyar tana bayan katangar bariki ne, kada ka fita ba tare da fas ba.

JAMB da jarrabawar tantancewa

Da lambar NIN ake rajistar JAMB, kuma dole NDA ta zama zaɓinka na farko. Bayan haka akwai fom ɗin ita makarantar a shafinta na intanet, shi ma sai ka cike. Mutane kan yi ɗaya su manta ɗaya. Jarrabawar darussa huɗu ce a kan kwamfuta, maki 400, tambaya 60 a Turanci da 40 a kowane ɗayan sauran ukun, cikin awa biyu. Ka tabbata darussan da ka zaɓa sun dace da fannin da kake nema. Makin da makarantar ke yankewa yana cikin sanarwa, na injiniya ya fi na saura, amma kada ka yi shirin tsallake shi da ƙyar, tunda gurbin jiharku kaɗan ne masu nema kuma da yawa.

Na san soja ba shi da lokacin kansa. Yau gadi, gobe shingen hanya, jibi a ce an tura ku daji. Abin da na ga yana aiki shi ne kaɗan-kaɗan kullum: tambaya ashirin daga tsofaffin jarrabawa bayan sallar asuba, da agogo a gabanka. Wanda ka kasa, rubuta shi a ƙaramin littafin da zai shiga aljihun kaki. In ba ka saba da kwamfuta ba, je shagon kwamfuta a Wunti ko wajen Yelwa ka biya na awa guda ka saba da danna amsa. Na ga masu ilimi da tsoron allon kawai ya cinye musu rabin lokaci.

Wanda ya kai makin zai zauna jarrabawar tantancewa ta NDA. Ita ma Turanci da lissafi da sanin ƙasa da darussan fanninka ne jigonta, sai dai sauri take so.

Gaban hukumar zaɓe a Kaduna

Ana kiran waɗanda suka yi nasara rukuni-rukuni, a yi kwanaki ana tace su. Kai da ka sha Defo, gudu da tsalle ba za su ba ka tsoro ba, amma likita ba ruwansa da jarumta. Wata biyu kafin tafiya je asibitin bariki a auna jininka, idonka, ƙirjinka, a duba ciwon hanta da gwaiwa. Abin da ke da magani a yi shi da wuri. In kana taɓa tiramadol ko wani abu don "ƙarfin aiki", ka rabu da shi yau, don kanka ma kafin don gwajin fitsari.

A wajen hira, shekarun da ka yi cikin kaki su ne jarinka. Yaron da ya fito daga sakandare zai ce yana son bauta wa ƙasa. Kai kana iya faɗin daren da ka riƙe mutum tara a bakin aiki da abin da ka koya. In an tambaye ka me ya sa ka faɗi a baya, amsa a taƙaice: "Turancina bai kai ba, na sake rubutawa, ga sakamakon." Kada ka ɗora wa kowa laifi. Ka kuma shirya zuciyarka tun yanzu, domin in ka shiga, igiyarka a ƙofa za ka ajiye ta, yaron da ka girme da shekara uku zai ba ka umarni don ya riga ka shiga, kuma dole ka bi.

Duk wanda ya kira ka a waya ya ce yana da gurbi a hannun wani babba, ka turo kuɗi, ɓarawo ne. Ƙananan sojoji sun fi kowa faɗawa hannunsu, saboda suna da albashi kuma suna ganin shekaru na gudu. Ban da kuɗin fom da ke rubuce a sanarwa, kada ka ba kowa ko sisi.

Shi wancan las kofur, wata huɗu ya ɗauka kafin ranar haihuwarsa ta daidaita a duk takardunsa. Ya rubuta NECO ta ƙarshen shekara ya samu C5 a Turanci, amma da muka ƙirga, shekarunsa sun haura na babban kwas da 'yan watanni. Ya zauna a bencin nan ya daɗe bai ce komai ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Malam, to ita digirin, yaushe ake fara rajista?" Yanzu yana aji uku, da takardar izinin kwamandansa a cikin sabuwar ambulan, kuma ranar Asabar yakan leƙo ya taya ni duba takardun sababbin zuwa.