Yadda ake sa ƙwayar B ta ɗan Adam ta sauya nau'in antibodi a ɗakin gwaji

Karon farko da na gwada wannan aiki, mako biyu na yi asara. Na karanta yadda ake yi da ɓera, na zuba LPS, wani sinadari na bangon bakteriya, a kan ƙwayoyin jinin mutum, na zauna jira. Shiru kake ji. LPS na zaburar da ƙwayar B (ƙwayar garkuwar jiki mai yin antibodi, wato furotin mai cafke cuta) ta ɓera, amma ta mutum kusan ba ta da TLR4, makarɓin da zai ji shi. Shi ya sa nake so ka san dalilin kowane abu kafin ka zuba shi.

Sabuwar ƙwayar B tana fitowa ne da antibodi iri biyu, IgM da IgD, a jikinta. Bayan ta haɗu da cuta sai ta koma IgG, IgA ko IgE. Bakin antibodi da ke cafke cutar yana nan yadda yake, gindin ne ke sauyawa, kuma gindin ke yanke inda antibodi zai je. IgG ke ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, IgA ke cikin dakashi da majina, IgE ke yaƙar tsutsa irin ta tsargiya, shi ne kuma ke ta da asma.

Ƙwayar B ba ta cika yanke wannan shawara ita kaɗai ba. A cikin kaluluwa da saifa, ƙwayar T mai taimako ke ba ta saƙo biyu. Na farko taɓawa ne: furotin CD40L na jikin ƙwayar T ya kama furotin CD40 na jikin ƙwayar B, ma'ana "sauya". Na biyu saitokin ne, wato sinadarin saƙo da ƙwayar T ke fitarwa, shi ke faɗa mata nau'in da za ta koma. Aikinka a ɗakin gwaji shi ne ka tsaya a madadin ƙwayar T.

Ka ɗebi jini a kwalba mai hefarin (maganin hana jini daskarewa), da yardar mai shi da izinin kwamitin ɗa'a. Ka kwarara shi sannu a kan Ficoll, ruwan da ke raba ƙwayoyin jini, ka juya a injin santirifuj minti 30 ba tare da birki ba, ka tsotse farin zoben da ya taru a tsakiya. Daga nan ka ware ƙwayoyin da ke da IgD amma ba su da CD27, alamar ƙwayoyin B masu tuna cuta.

Kada ka tsallake wannan mataki, ko kuɗin kayan ya yi maka tsada. Jinin babban mutum cike yake da ƙwayoyin B masu tuna cutar da suka taɓa gani, da yawansu sun riga sun sauya tun shekaru. In suka shiga ramin farantin gwajinka za su zubo IgG da sauri, ka yi murna, alhali ba kai ka sauya su ba. Na ga sakamako mai kyau a ido ya rushe saboda wannan kaɗai, kuma abin yana min ciwo, domin wahalar ɗalibi ce ta watanni.

Ka shuka ƙwayoyin da ka ware a ruwan rainon ƙwaya RPMI 1640 mai kashi 10 cikin ɗari na ruwan jinin ɗan maraƙi, zafi digiri 37, iskar CO2 kashi 5. Ka tabbatar inkubeta na kan batir ko janareto, dare ɗaya ba wuta ya isa ya kashe su. Rami ɗaya ka bar shi ba komai, wani CD40L kawai, sauran CD40L da saitokin. A cikin saitokin, IL-4 zai kai su IgE da IgG4 (wani reshen IgG). IL-21 zai ba ka IgG1 da IgG3, ya kuma tura su su zama ƙwayoyin filasma masu zubo antibodi. TGF-beta na jan su zuwa IgA. 

Ga abin da ke faruwa a ciki. A kuromosom na 14 nau'o'in suna jere, IgM a gaba. Saitokin ke buɗe wurin da ake nufi. IL-4, misali, yana bi ta furotin STAT6 da ke cikin ƙwaya ya buɗe na IgE. Sai enzayim AID ya sauka a wuraren da aka buɗe, ya mai da harafin C na DNA zuwa U. Wurin ya karye, a yanke abin da ke tsakani a yar, a ɗinke bakin biyu. Abin da aka yar ba ya dawowa, don haka ƙwayar da ta koma IgG ba za ta sake yin IgM ba. A ɗakin binciken Tasuku Honjo da ke Kyoto aka gano AID a 1999, a 2000 kuma ayarin Anne Durandy a Paris ya nuna yaran da ba su da shi suna tara IgM, ba IgG, ba IgA, ba IgE. Irin haka ke samun yara maza masu lalataccen CD40L, kamar yadda aka gano a 1993.

Awo kuma kowanne da ranarsa. Kwana 2 zuwa 4, ka nemi AID da alamar buɗewar wurin da PCR, gwajin da ke ninka DNA don a gane shi. Wajen kwana 5 zuwa 7, ka duba IgG ko IgA a jikin ƙwayoyin da injin ƙirga ƙwayoyi. IgE ba shi da gaggawa: ka bar ramin IL-4 ya kai kwana 10 zuwa 14 kafin ka ɗebi ruwan saman ka yi ELISA, gwajin auna yawan antibodi, kuma ka fara karanta ramin da ba ka zuba wa komai ba.