Kurakuran da aka fi yi wajen ɗanɗana giya mai hazo

A makon da na fara aiki a wata mashaya a jihar Massachusetts ta Amurka, wata dattijuwa da ta daɗe a wurin ta zuba giya a tambulan, ta miƙo mini, ta ce in faɗa mata abin da na gani. Na ɗaga kofin wajen haske, ban hango yatsuna ta ɗaya gefen ba. Launinta kamar an dama mangwaro da ɗan madara. Ni da na tashi a Jos, inda giyar kwalba take fitowa garau, abin da ya fara zo mini shi ne ta lalace, ko kuma an bar ta ba tacewa kamar burukutu. Na ce a zubar. Ta ce, "Sunsuna tukuna." Ƙamshin abarba da ɓawon lemun zaƙi ya cika mini hanci tun kofin bai kai baki ba. Tun daga ranar nake lura da yadda mutane suke yi wa wannan giya hukunci, masu sha da masu sayarwa, kuma kurakuran kusan iri ɗaya ne.

Sunanta Hazy IPA, wato giya irin ta India Pale Ale mai hazo, wasu su ce New England IPA, saboda a yankin arewa maso gabashin Amurka ta samo asali. John Kimmich ya buɗe mashayarsa The Alchemist a garin Waterbury na jihar Vermont a 2003, kuma giyarsa Heady Topper, wadda ya fara sa wa a gwangwani a 2011, ita aka fi dangantawa da farkon wannan salon. Daga baya masana'antun giya na Hill Farmstead a Vermont, da Tree House da Trillium a Massachusetts, suka ƙara mata suna. Sai a 2018 ƙungiyar masu haɗa giya ta Amurka, Brewers Association, ta ba ta gurbi a jerin nau'o'in da take gasa a kansu, kuma a shekarar ita ce ta fi kowane nau'i yawan masu shiga gasa a babban bikin giya na birnin Denver.

Kuskuren farko nawa ne na wancan makon, wato yanke hukunci da ido. Yana zuwa ta fuska biyu. Baƙo yana ganin hazon ya ce datti ne. Wanda ya ɗan saba kuma yana ganin duk wadda ta fi kauri da duhu ita ta fi kyau, har ya ɗauki hoto kafin ya kurɓa. Dukansu sun ɓata hanya. Hazon ba laka ba ne. Masu haɗa ta suna ƙara alkama da hatsin ots a kan tsiron sha'ir, sannan su zuba furen hof (tsiron da yake ba giya ɗaci da ƙamshi) mai yawa a ƙarshen dahuwa da kuma lokacin da yis yake aikinsa ko bayan ya gama. Furotin ɗin hatsin yana haɗuwa da wasu sinadaran ganyen hof, su tsaya a cikin ruwan ba su kwanta ba. Sakamakon neman ƙamshi ne, ba shi aka nufa tun farko ba. A takardar maki da alƙalan BJCP, ƙungiyar da take tantance alƙalan giya, suke amfani da ita, daga cikin maki 50, kamanni maki 3 kawai yake ɗauka. Ƙamshi 12, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, ra'ayin alƙali gaba ɗaya 10. Abin da ido zai duba kaɗan ne: hazon ya zama mai haske, kamar rana a bayan hazon hunturu, ruwan ɗorawa zuwa ruwan lemo, da farin kumfa mai jimawa. In ka ga gudaje suna yawo, ko launin ya koma kamar ruwan kwata, to a nan ido yana da magana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na biyu, domin shi ya fi sa a zagi mai haɗa giya a kan laifin da ba nasa ba. Mutum ya sayi gwangwani bai juya ƙasansa ya duba kwanan wata ba. Wannan giya ba ta da ƙarko. Iska ce babbar abokiyar gabarta. Ɗan iskar da ta shiga lokacin cika gwangwani tana ci gaba da aiki, zafi kuma yana ƙara mata gudu. Ƙamshin 'ya'yan itacen ne yake fara tafiya, launin ya dusashe ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka, sai wani zaƙi mara daɗi ya fito, wani lokaci da warin jiƙaƙƙen kwali. Na taɓa ajiye gwangwani biyu na rana ɗaya, ɗaya a firji, ɗaya a kan kanta kusa da murhu, na tsawon mako shida. Da na zuba su gefe da gefe, wani abokin aikina ya rantse ba giya ɗaya ba ce. Ta firjin tana nan da haskenta. Ɗayar ta yi duhu kamar shayin da ya kwana.

Gyaran ba wuya. Duba ranar da aka cika ta, ka nemi wadda ba ta wuce wata ɗaya ko biyu ba, kuma ka ɗauko daga firji, kada ka ɗauki wadda aka jera a fili ƙarƙashin fitila. In ta haura wata uku, ko ka sha ta, kada ka auna mai haɗa ta da ita. A kula, Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana: 03/10 a wurinsu 10 ga Maris ne, ba 3 ga Oktoba ba. Wanda kuma ya ci karo da irinta a babban kanti a Abuja ko Akara, ya tuna ta keto teku, ta zauna a tashar jirgin ruwa, ta sha ranar da ba a yi ta dominta ba. In babu kwanan wata sam a jikin gwangwanin, ni dai mayarwa nake yi.

Akwai kishiyar wannan, ko da yake ba ta kai shi yawa ba. Wadda aka cika jiya-jiya takan zo da ɓurɓushin ganye da bai gama kwanciya ba. Mako ɗaya ko biyu a firji, a tsaye, yakan daidaita ta.

Sai sanyi. Mu da muka taso cikin zafi mun saba cewa a kawo mai sanyi ƙarara, har kwalba tana hayaƙi. Ga giyar da ba ta da wani ƙamshi, wannan ba laifi. Ga wannan kuwa asara ce, domin sanyi yana hana ƙamshin man hof tashi, hanci bai samu komai ba, harshe ma ya yi kanta. Tsakanin digiri 7 zuwa 10 a ma'aunin Salshiyos ta fi buɗewa. Fito da ita daga firji, ka bar ta minti biyar zuwa goma, ko ka riƙe kofin da tafin hannu biyu. Kada a sa kofi a firiza, kada a jefa ƙanƙara.

Kofin ma yana da nasa. A jikin gwangwanin Heady Topper an rubuta da manyan baƙaƙe cewa a sha daga gwangwani, kuma mutane da yawa sun ɗauki wannan doka ce ga kowace giya mai hazo. Ra'ayin mai ita ne game da tasa, don kada ƙamshin ya tsere. Amma mai son tantancewa dole ya zuba, domin hanci ba ya shiga gwangwani. Kofi mai faɗin ciki da ɗan tsukakken baki ya fi. In ka ga ƙananan kumfa sun manne a jikin gilashin daga ciki, kofin bai wanku ba. Maiƙo, ragowar sabulu da jan baki duk suna kashe kumfa. Kuma kada a ajiye kofin a rana. Haske yana sauya wani sinadarin hof cikin 'yan mintuna, ya haifar da wari mai kama da na jaɓa. Na sha ganin mutum yana zaune a waje da rana tsaka, rabin kofinsa ya juya, yana cewa ƙasan giyar ne ba shi da kyau. Haka turare mai ƙarfi, taba, da tsire mai yaji: duk wanda ya ci ƙuli da barkono, harshensa ya tafi hutu na ɗan lokaci.

Inda nake so in daɗe shi ne batun ɗaci, domin a nan Hausa ta ba mu kayan aiki masu kaifi. Masu sha da yawa duk abin da ya dame su a baki sai su ce ɗaci. Alhali abu uku ne daban. Akwai ɗaci na gaskiya, irin na shuwaka, wanda ake ji a bayan harshe. Wannan dole ya kasance, amma mai laushi, ya zo ya wanke zaƙin ya wuce. Jagorar BJCP ta 2021 ta sa ma'aunin ɗacin wannan nau'i tsakanin 25 zuwa 60, sai dai lambar ba ta faɗin yadda baki zai ji, saboda hatsin ots da ruwan da aka ƙara wa gishirin kalorayid suna lulluɓe shi. Akwai bauri, irin na ɗanyar ayaba, wanda yake busar da baki ya ɗaure dasashi. Sannan akwai maƙaƙi, wanda yake kama maƙogwaro bayan an haɗiye, kamar an ci gwazar da ba ta dahu ba. Na farkon ado ne. Na biyu da na uku aibi ne, alamar ganye ya yi yawa ko ya daɗe a ciki, ko ba a bar giyar ta kwanta ba. Kuskuren da nake gani kullum shi ne mutum ya ji maƙaƙi ya ce, "Kai, wannan ta ji hof!" yana yabo. Ba yabo a nan. Giyar da ta ƙware tana iya ɗaukar hof mai yawa ƙwarai ta sauka a maƙogwaro sumul.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, wasu suna ganin in babu ɗaci ko kaɗan, to ta kai. A ganina wadda ta zama zaƙi zalla, mai nauyi, mai manne wa leɓe kamar lemun kwali, ta kasa. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: bayan kurɓa ta uku, bakina yana neman ta huɗu ko yana neman ruwa? Don haka ne ma alƙalan giya suke haɗiyewa, ba sa tofarwa kamar masu ɗanɗana ruwan inabi. Rabin labarin yana zuwa ne bayan haɗiya, lokacin da ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci.

Game da ƙamshi, mutane da dama suna zaton an matse 'ya'yan itace a ciki. A asalin salon ba a sa ko ɗaya. Daga hof ne da yis. A nau'o'in hof, Citra, wanda aka fitar a 2008, da Mosaic na 2012, dukansu daga yankin Yakima na jihar Washington, su ne ginshiƙai: mangwaro, lemo, gwaiba. Galaxy daga Ostireliya yake, Nelson Sauvin daga New Zealand, mai ɗan ƙamshin farin inabi. Kuskuren shi ne mutum ya karanta bayanin da ke jikin gwangwani, sannan ya maimaita shi kamar shi ya ji. Sunsuna kafin ka karanta, gajerun shaƙa biyu ko uku, kuma ka kira abin da sunan da ka sani. In gwanda ka ji, ka ce gwanda. In tsamiya ce ko goruba, ka faɗa. Wanda ya girma da mangwaron Binuwai ba ya bukatar aron hancin kowa. Da wannan hancin ne kuma za ka kama aibi: ƙamshin man shanu tare da santsi a harshe yana nuna yis bai gama aikinsa ba, warin albasa ko tafarnuwa mai ƙarfi daga hof ɗin yake, tsami kamar na nonon da ya kwana kuma alamar ƙwayoyin cuta sun shiga.

Suna ma yana ruɗar mutane. Wanda ya yi tafiyar awa uku ya bi layi a ƙofar wata shahararriyar masana'anta, da wuya ya yarda abin da ya sayo yana da maƙaƙi. A wurin aikinmu mukan sa wani ya zuba a ɓoye, ya liƙa lamba a ƙasan kofi. Ba sau ɗaya ba, giyar da ake samu a kowane kanti ta doke wadda ake rububi, saboda kawai ta fi ta sabunta.

Kada kuma a jera guda takwas a zama ɗaya. Bayan ta huɗu hanci ya gaji, duk sun zama ɗaya. A fara da mara ƙarfi, a sha ruwa tsakani, a ɗan ci busasshen burodi. Laushinta yana ɓoye ƙarfinta, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Nau'in yana kaiwa kashi 6 zuwa 9 cikin ɗari na barasa. Gwangwani ɗaya mai mililita 473 a kashi 8, kamar Heady Topper, ya fi babbar kwalbar mililita 600 mai kashi 5 yawan barasa. Mai tuƙi ba ya cikin zaman. Mu gwangwani ɗaya mutum huɗu muke raba wa, kowa ya rubuta nasa kafin a yi magana, kuma kowa yakan bar kurɓa ɗaya a ƙasan kofi. Bayan minti ashirin, in ta huce, sai a koma mata. Man shanun da sanyi ya ɓoye a nan yake fitowa, haka ma abarbar, in da gaske tana ciki.