Yadda Za Ka Rage Gansakuka a Sabon Akwatin Kifin Ruwan Gishiri

1. Daina zuba ruwan famfo, ko a unguwar Nima kake ko Madina a Accra. Sinadaran silika da fosfet da ke cikinsa su ne abincin gansakukar nan mai ruwan ƙasa. Nemi ruwan da na'urar RO (reverse osmosis, mai cire sinadarai daga ruwa) ta tace. Kada ka ɗebo daga bakin tekun Labadi, datti ya yi yawa.

2. Rage fitila zuwa awa 6 a rana, ka janye akwatin daga taga.

3. Kankare gilashi, ka zuƙe dattin yashi da tiyo, sannan ka canja kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako. Gishirin ruwan ya tsaya a 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa (specific gravity).

4. Rage abinci, yawancinmu hannunmu ya cika sake.

5. Saka katantanwar teku, su lashe saura.