Yadda ake tsara magudanar ruwan sama a gonar sola tare da kiyaye sharuɗɗan izini

Gonar sola fili ne da ake jera farantan da ke samar da wutar lantarki daga hasken rana. Farantan nan ba sa shan ruwa. Duk abin da ya sauka a kansu gangarowa yake yi zuwa gefen ƙasa, ya zuba a layi ɗaya kamar ruwan da ke zubowa daga bakin kwanon rufi, kuma idan ƙasar da ke wajen tsirara ce, to damina guda ta isa ta haƙa rami a ƙarƙashin kowane jeri. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ne, saboda haka ruwan milimita 50 a kan hekta guda ya kai lita 500,000, kuma dole ne a san inda wannan ruwa zai bi tun kafin a kafa ƙarfe na farko.

Matakin farko shi ne a karanci filin kafin a taɓa shi. Injiniya zai auna tudu da gangara, ya gano hanyoyin da ruwa ya saba bi da kansa, ya gwada ƙasar don sanin saurin da take tsotse ruwa, domin yashi da yumɓu ba ɗaya suke ba. Daga nan sai ya ɗauki bayanan ruwan sama na yankin ya lissafa yawan ruwan da ke fita daga filin a yanzu da wanda zai fita bayan an gama aiki. Yawancin hukumomi abin da suke nema ke nan: kada ƙarfin kwararar ruwan da zai isa gonar maƙwabci ko rafi ya fi na da.

Mataki na biyu shi ne neman izini, kuma ana yin sa ne kafin katafila ta shiga fili. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tsarin Amurka misali ne mai amfani. A ƙarƙashin dokar tsabtar ruwa ta 1972, duk aikin ginin da zai tone ƙasa eka 1 ko fiye sai ya sami izini, sai kuma ya rubuta tsarin hana gurɓata ruwa mai ɗauke da taswirar filin, da wuraren da ruwa ke fita, da sunan wanda alhakin dubawa ke wuyansa. A shekarar 2022 hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta ci tarar masu gonakin sola huɗu a jihohin Alabama da Idaho da Illinois saboda saɓa sharuɗɗan irin wannan izini a lokacin gini.

Lokacin gini shi ne mafi haɗari, kuma a nan ne ya kamata a fi zuba ido. Kada a share filin gaba ɗaya a lokaci guda. A raba shi kashi-kashi, a gama da wani ɓangare a rufe ƙasarsa kafin a buɗe na gaba. Kafin a fara tono, a kafa shingen tace laka a gefen gangara, a binne gindinsa cikin ƙasa, domin shingen da aka bari yana lilo ruwa ta ƙarƙashinsa zai wuce da lakarsa. A haƙa tafkin da ruwa zai tsaya laka ta kwanta, a zuba tsakuwa a ƙofar shiga don tayoyin manyan motoci su bar taɓo a nan maimakon su kai shi kan titi. Ƙasar sama mai taki a tara ta gefe guda a rufe, za a buƙace ta daga baya. Abin da aka fi mantawa shi ne dannewar ƙasa: inda injuna masu nauyi suka yi ta zirga-zirga, ƙasa kan taurare har ta daina shan ruwa, don haka a keɓe musu hanya ɗaya, sannan a farfasa wuraren da suka danne kafin a yi shuka.

Daga nan sai magudanar dindindin. A ganina, ciyawa mai kauri a ƙarƙashin farantai da tsakanin jeri ta fi kowane lambatu na siminti amfani, domin tana rage gudun ruwa, saiwoyinta na riƙe ƙasa, ruwan kuma yana samun damar nutsewa. A bar tazara isasshiya tsakanin jeri don ruwan da ya zubo ya bazu. Inda gangara ta yi tsanani, a shimfiɗa tsakuwa a layin da ruwa ke ɗiga, a yi magudanai masu faɗi marasa zurfi da aka shuka wa ciyawa, a jera duwatsu a cikinsu don karya ƙarfin ruwa. Hanyoyin mota na buƙatar kwalbati daidai da yawan ruwan da aka lissafa, tiransifoma da sauran kayan wuta kuwa a ɗora su a kan dandamali sama da iyakar ambaliya.

Sauran aikin dubawa ne da rubutu. Izinin EPA ya ba da zaɓi biyu: a duba filin sau ɗaya kowane kwana 7, ko kuwa kowane kwana 14 tare da ƙarin dubawa cikin sa'o'i 24 bayan ruwan da ya kai kwatan inci, wato kimanin milimita 6. A ajiye ma'aunin ruwan sama a filin, a ɗauki hoto mai kwanan wata, a rubuta abin da ya lalace da ranar da aka gyara shi, domin idan jami'in sa ido ya zo kundin nan zai fara nema.

Ba a rufe izinin gini sai ƙasa ta zauna. A tsarin EPA, sai ciyawa mai ɗorewa ta kai aƙalla kashi 70 cikin 100 na yadda tsirrai ke rufe ƙasar yankin da ba a taɓa ba. Bayan haka a kwashe shingayen wucin gadi, a miƙa takardar kammalawa, a kuma miƙa wa masu kula da gonar jadawalin yashe tafki da share kwalbatoci kafin kowace damina.